Gwargwadon Zubi a Caca: Daga Wuri zuwa Anini a Ƙasar Zuru da Maƙwabtanta

Galibin abin da aka rubuta game da caca a ƙasar Hausa wa'azi ne ko gargaɗi, watau bayyana haramcinta da irin ɓarnar da ta ke yi wa gida. Wannan daidai ne, babu ja a kansa. Amma akwai wata 'yar tambaya wadda ya kamata mai neman sanin tarihi ya tsaya a kanta, ita ce: sa'ad da mutane suka shimfiɗa tabarma suka zauna, nawa a ke zubawa a kowane jifa, wa kuma ya ke yanke wannan gwargwado? Zan ari kalmar zubi, wadda muka sani a adashi, in nufi abin da kowane ɗan wasa ya ke ajiyewa a tsakiya kafin a jefa wuri ko a raba karta. Abin da na ke so in nuna shi ne, ba zuciyar ɗan caca kaɗai ke yanke zubi ba. Irin kuɗin da ke yawo cikin ƙasa shi ke sa masa iyaka ta ƙasa da ta bisa, ran da aka sake kuɗin kuwa, wasan ya kan zama wani abu dabam ko da sunansa na nan yadda ya ke.

Na zaɓi ƙasar Zuru domin a nan a ke iya ganin abu uku kusa da juna: wasan da ba ya bukatar kuɗi, da cacar wuri irin ta fatake, da kuɗin Turawa wanda ya shigo ta hanyar haraji da albashin soja.

Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta duwatsu da ƙoramu, tana maƙwabtaka da Zamfara da Kwantagora da Yawuri. Masarautar ta ƙunshi Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu. Mutanen tsakiyarta su ne Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai kuma Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa, da Hausawa 'yan asalin Katsina da suka daɗe da zama. Wani jami'in mulkin Turawa, P. G. Harris, ya buga dogon bayani a kan al'adunsu cikin 1938. Amma abin da ya kai sunan Dakarkari ƙasashe masu nisa wasa ne, watau dara. Cikin 1960 wani Baturen Ingila, R. C. Bell, ya tara wasannin allo na al'ummomin duniya cikin littafi guda, ya sa dara a ciki da sunan wasan Dakarkari. Tun daga nan mutanen waje suka riƙe ta haka, ko da ya ke mu mun san Hausawa na yinta ko'ina, Zabarmawa ma suna yi, su kan ce da ita dili.

Mai karatu ya san yadda a ke yinta, amma bari in tuna masa, don hujjata ta dogara a kai. A kan haƙa gurbi 30 a ƙasa, jeri biyar a shida. Kowane mutum na da 'ya'ya 12, wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan ya ɗauki tsinke. Su yi ta ajiyewa bi da bi har su ƙare, ba a yarda wani ya jera uku a wannan loto ba. Sa'an nan a fara tafiya gurbi ɗaya ɗaya, wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa guda na abokin wasansa, wanda 'ya'yansa suka kasa jera uku kuwa an cinye shi. To, duk cikin wannan babu inda sa'a ta shiga. Gwani sananne ne a unguwa, kowa ya san wa ke cin wa. Abin da mutum ya ke ajiyewa a gaban jama'a sunansa ne, shi ya sa ma kalmar ta shiga maganarmu, har mu ke cewa dara ta ci gida in dabarar mutum ta juyo kansa. A kan iya ɗora kuɗi a kan dara, amma ba ta jure wa haka da daɗewa, gama wanda aka fi ba ya zama sau uku a gaban wanda ya fi shi da aljihu buɗe. Caca kuwa ba ta rayuwa sai kowa a wurin yana zaton yau rabonsa ne.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi tattalin Lelna na dā. Dukiyar mutum tana cikin rumbu da garke da ƙarfin dantse. Saurayi ba da tsabar kuɗi ya ke samun mata ba, sai ya shiga golmo, shi da sa'o'insa su yi ta noma wa surukinsa shekara da shekaru, galibi a kan ce bakwai. Irin wannan dukiya ba ta yankuwa ƙanana ƙanana balle a zuba ta a tabarma. Ba a raba damina gida ɗari a jefa kashi ɗaya. Kafin caca ta zauna da gindinta a wuri, sai an sami abin da ke ƙirguwa, mai saurin sake hannu, wanda kowa ya yarda da shi.

Wannan abu kuwa shi ne wuri. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Asalinsa daga tsibiran Maldib ne cikin tekun Indiya, jiragen Turawa ke kawo shi bakin teku, ya biyo hanyar Kwara ya iso mu. Ya kama ƙasa har kalmar kuɗi kanta ba kome ba ce sai jam'in wuri. Abin lura game da shi a wannan fanni shi ne aiki biyu ya ke yi: shi ne abin jifa, shi ne kuma abin zubi. A kan goge bayansa a dutse don ya iya faɗuwa ta ciki ko ta baya, a watsa, a ƙirga nawa suka yi rigingine nawa suka kife. Yawan da a ke jefawa ya bambanta gari da gari. A wurare da dama na Afirka ta Yamma huɗu ne, cika ta ci, mara ta faɗi. Wanda ya san lissafi zai ga wuri huɗu na da hanya 16 ta faɗuwa, 8 cika, 8 mara, watau wasan raba daidai ne in ba a yi maguɗi ba.

To, nawa ne darajar wuri guda? Barth, Bajamushen nan da ya iso Kano cikin 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Ya kuma ƙiyasta cewa wuri dubu hamsin zuwa sittin sun isa riƙe iyali shekara guda, ci da sutura. In muka raba wannan bisa kwanakin shekara, za mu sami wajen wuri 150 a yini. Ke nan wuri guda kashi ɗaya ne cikin ɗari da hamsin na cefanen yini. Da wuya a sami kuɗi a duniya mai ƙanƙanta kamar haka. Ɗan dako, ko yaron mahauci, ko mai jiran jakuna, kowa na iya zama ya jefa wuri ɗaya ɗaya har dare ya raba, ya tashi bai taɓa tuwon gidansa ba. Ban ce haka kowa ya ke yi ba, don akwai masu zuba tafi guda ko ƙwarya guda a jifa ɗaya. Abin da na ce shi ne ƙofar ƙaramin zubi a buɗe ta ke ga wanda ya so.

Iyakar bisa kuwa nauyi ne ya sa ta. Keso guda, watau wuri 20,000, ya kai wajen laba hamsin, kayan ƙato guda ke nan, darajarsa kuma a zamanin Barth dala takwas kacal. Mutum ba ya iya saɓa dukiyarsa ya fita da dare ba wanda ya gani, matarsa za ta ji ƙarar kaya, maƙwabci zai ga jaki. Saboda haka in abin da ke cikin sanho ya ƙare, wanda zuciya ta ɗebe shi sai ya koma ga kayan jikinsa, hula, sa'an nan riga, sa'an nan takobi ko dabba. Wannan tsani ne mai matakai, kowane mataki kuma a bainar jama'a a ke taka shi. Kafin a karɓi riga sai an tsaya an yi mata kuɗi, an yi ciniki, an yi gardama, cikin wannan tsaiko kuwa sau da yawa a kan sami wani ɗan'uwa ya ja mutum gefe. Daga 1845, sa'ad da 'yan kasuwar Jamus suka fara jibgo wani irin wuri mai araha daga Zanzibar, darajar wuri ta yi ta faɗuwa har ƙarshen ƙarnin. Wannan ya cuci 'yan kasuwa ƙwarai, amma a wajen caca sai ya ƙara ƙanƙanta zubin ƙasa, ya kuma ƙara wa mai son babban zubi nauyin kaya.

A ina a ke wannan wasa a yankin da mu ke magana? A ganina a zango ne da bakin kasuwa. Ayarin fataken goro masu zuwa Gwanja daga Kano da Katsina da Zamfara su kan ratsa wannan kusurwa su nufi Yawuri da mashigan Kwara, Jega kuma ta zama babbar kasuwa a ƙarni na 19. Inda duk ayari ya sauka akwai maza da yawa nesa da gida, da wuri a hannu, da dare mai tsawo. Mutanen duwatsu kuwa a wannan zamani hankalinsu na wajen tsaron kai, musamman bayan Umaru Nagwamatse ya kafa Kwantagora wajen 1864, shi da ɗansa Ibrahim suka yi ta kai hari a kan ƙabilun yankin, har Turawa suka ci Kwantagora cikin 1901. Wuri ya shiga hannunsu ta hanyar sayar da hatsi da sayen gishiri, amma bai zama ma'aunin dukiyarsu ba kamar yadda ya zama a Kano.

Yanzu sai mu duba abin da shari'a ta ce game da gwargwado, don a nan akwai bambanci mai ban sha'awa tsakaninmu da Turawa. An ambaci caca a Suratul Baƙara, aka kuma yanke haramcinta a Suratul Ma'ida tare da giya. Malaman Malikiyya ba su raba ta gida biyu ba, ƙarama da babba, wuri ɗaya da keso ɗari hukuncinsu guda. Risala ta Ibn Abi Zaidin, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar nan ya karanta, ta hana wasan nardu da shaɗaranji, littattafan fiƙihu kuma sun sa irin wannan wasa cikin abin da ke zubar da shaidar mutum a gaban alƙali. Abin da aka keɓe kawai shi ne ladan tseren dawaki da raƙuma da harbin kibiya, shi ma da sharuɗɗa. A Ingila kuwa wata hanya aka bi. Dokar da aka yi cikin 1710, zamanin Sarauniya Anne, ta ce wanda aka ci shi fam goma ko fiye a zama ɗaya yana iya kai ƙara cikin wata uku a mayar masa da kuɗinsa. Watau su abin da ya dame su yawan zubi ne, don suna tsoron 'ya'yan manya su cinye gonakin gado a teburin karta.

Abin da hukuncin Musulunci ya haifar a aikace shi ne, babu alƙalin da zai saurari ƙarar bashin caca. Ɗan caca ya san abin da bai karɓa a tabarma ba, ya tafi ke nan. Don haka a kan nace a ga kuɗi ko kaya a ƙasa kafin a jefa. Amurkawa ma a nan suka ƙare, ta wata hanya dabam. Wasan kartar da su ke kira foka ya taso wajen New Orleans a farkon ƙarni na 19, ya bazu cikin jiragen ruwan kogin Misisipi. A cikinsa kowa na iya ƙara zubi bisa na abokinsa, wanda ya kasa biya ya janye ya bar abin da ya riga ya zuba. Ka ga in babu iyaka, mai babban aljihu zai kori kowa ko da kartarsa ba ta da kyau. Sai suka yi wa kansu dokoki, ko a yanke abin da ba a wucewa a kowane ƙari, ko a ce ba wanda zai yi wasa sai da abin da ya ajiye a teburi tun farko. Suka kuma riƙa amfani da 'yan ƙwayoyi masu tsayawa a madadin kuɗi, don mutanen gida su yanke wa ƙwaya darajar da ta dace da mafi talaucinsu. Yaranmu da ke cacar gyaɗa ko dabino ko tsinken ashana sun gano wannan dabara ba wanda ya koya musu.

Sai Turawa suka zo da nasu kuɗi, nan ne kuwa al'amarin ya juya. Cikin 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da wuri, aka kuma matsa a riƙa biyan haraji da ƙarfe. Cikin 1907 da 1908 aka fito da anini, ɗan ƙarfen nan mai huda a tsaka, ɗaya bisa goma na kwabo, musamman don ya maye gurbin wuri a ƙananan ciniki. Cikin 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma. Wuri bai ɓace nan da nan ba, ya daɗe a kasuwannin ƙauye, amma ƙarfe ya ci gari da bariki. Sunayen da muka ba sababbin kuɗin sun riƙe mana lissafin canji. Rabin kwabo mu ke kira ɗari, don a matsayin wuri ɗari aka karɓe shi. Canji ya kan hau ya sauka bisa gari da shekara, amma in muka bi wannan suna, kwabo wuri 200 ne, anini 20, sule kuwa 2,400.

To, ga abin da ya faru. Mafi ƙanƙantar abin da mutum zai iya zubawa ya ninka sau ashirin. Mai karatu zai ce ai anini ba kome ba ne, har mu kan ce abu bai kai ko anini ba. Amma bari mu yi lissafi. Masanan Turai sun daɗe da warware wannan mas'ala: Pascal na Faransa ya tayar da ita, Huygens na Holan ya sa ta cikin ɗan littafinsa na 1657, de Moivre ya faɗaɗa ta cikin 1718. Abin da aka tabbatar shi ne, in mutum biyu na wasan raba daidai, suna zuba abu guda a kowane jifa har ɗaya ya ƙare, to matsakaicin yawan jifan da za a yi shi ne zubin da ke hannun wannan sau zubin da ke hannun wancan. Mu ɗauka kowannensu ya zo da wuri ɗari. In suna zuba wuri ɗaya ɗaya, ɗari sau ɗari, jifa 10,000 ke nan kafin a cinye wani. Ko da suna jifa biyu a minti, sai sun yi fiye da sa'a tamanin a zaune. Babu daren da ya kai haka, barci zai raba su tun ba a je ko'ina ba. Amma in wannan wuri ɗari ya zama ƙarfe, anini biyar ne. Biyar sau biyar, jifa 25. Kafin kwata na sa'a ɗaya ya tashi hannu wofi.

Dukiyar ba ta ƙaru ba, mutanen su ne dai, wasan shi ne dai, amma tsawon rayuwar aljihu ya ragu sau ɗari huɗu. Akwai ma wani lissafi da ya fi wannan nuna abin. In aka kwana ana jefa wuri ɗaya ɗaya har sau 400, abin da galibi mutum zai ci ko a ci shi bai wuce wajen wuri ashirin ba. Watau abin da dā ya ke asarar dare guda cur, shi ne ya zama zubin jifa ɗaya tak.

Iyakar bisa ita ma ta rushe. Keso guda da ƙato ke nishi a ƙarƙashinsa ya koma sule takwas da 'yan kai, abin da za a ƙulle a bakin zane. Da takardar fam ta zo kuwa, sai ya zama mutum na iya sa kuɗin amfanin gonarsa na shekara cikin hula ya fita, ba mai jin motsi. Tsanin nan mai matakai, hula, riga, takobi, wanda ke ba mutum damar tsayawa ya yi tunani, ya zama ba a bukatarsa sai a ƙarshe.

A nan ne tarihin Zuru ya ke da nasa darasi na musamman, saboda aikin soja. Tun bayan da aka kafa rundunar Afirka ta Yamma cikin 1897, Turawa suka riƙa neman mutanen da su ke ganin jarumai ne, ba da daɗewa ba kuwa Dakarkari suka yi suna cikinta, har aikin soja ya zama kamar gado a ƙasar, abin da ya ɗore har bayan mulkin kai. Da yawa sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 a Yaƙin Duniya na Biyu. Albashin ƙaramin soja a lokacin wajen sule guda ne a yini. A idon Bature wannan kaɗan ne, amma a lissafinmu na ɗazu wuri 2,400 ne kowace safiya, a ƙasar da aure kansa da fartanya a ke biyansa. Bariki kuma shi ne makarantar karta a duk duniya, don akwai zaman jira, akwai ranar biya wadda kowa ke da kuɗi lokaci guda. Kalmar karta kanta, a ganina, ta fi kama da ta Larabawan Tarabulus da Italiyawa bisa ta Ingilishi, abin da ke nuna mai yiwuwa ta rigayi soja zuwa biranenmu ta hanyar hamada. Amma yaɗuwarta zuwa ƙananan garuruwa aikin bariki ne da tashar mota da sansanin ma'aikatan hanya. Ba na nufin sojan Zuru sun fi wasu caca. Nufina shi ne, a ƙasarsu ne tazarar da ke tsakanin mai albashi da mai rumbu ta fi fitowa fili.

Wannan tazara kuwa ita ce rabi na biyu na lissafin. Masanan da na ambata sun nuna cewa a wasan raba daidai, in za a yi ta yi har wani ya ƙare, rabon kowa gwargwadon aljihunsa ne. Mai sule ɗaya in ya zauna da mai sule tara, sau tara cikin goma shi za a cinye, ba tare da an yi masa maguɗi ko kaɗan ba. Gaskiya ne ran da ya ci zai kwashi tara, saboda haka a takarda babu wanda aka zalunta. Amma Daniel Bernoulli ya riga ya nuna cikin 1738 cewa darajar kuɗi a wurin mutum ta dogara ga abin da ya mallaka. Sule ɗaya na manomi kuɗin harajinsa ne ko na gishirin wata, sulen mai albashi kuwa gobe wani zai zo. Ga shi kuma mai kuɗi shi ke son a ɗaga zubi, don ƙaramin zubi ba ya motsa masa jini. Da ya ce a mai da shi kwabo, ko sisi, sai kunya ta kama na ƙasa da shi, gama a al'adarmu tashi daga tabarma don an fi ka aljihu abin gori ne, balle in akwai maroƙi a gefe yana zuga. Da haka zubi ya kan bi aljihun mafi ƙarfi a wurin, alhali mafi rauni ne zai ɗauki nauyinsa.

Ya kamata a gwada wannan da adashi, inda muka aro kalmar. A can uwar adashi ta kan yanke zubi tun ran farko bisa abin da kowa zai iya, ba mai ɗaga shi a tsakiyar zagaye, wadda ta fi ƙarfi kuwa sai ta shiga da hannu biyu. Mata sun warware a cikin gida mas'alar da maza suka kasa warwarewa a zaure. Maganin da 'yan caca suka samu kawai shi ne rabuwa, masu anini su zauna dabam, masu kwabo dabam, masu sule su shige ɗaki su rufe ƙofa, daidai ruwa daidai tsaki. Amma wannan rabuwa ba ta da mai tsaronta, mai gidan da ke karɓar kasonsa a kowane zagaye kuwa ribarsa na ga a hau, ba a sauka ba.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Kundin dokokin laifi na Jihar Arewa, wanda aka yi cikin 1959 ya fara aiki cikin 1960, ya sa buɗe gidan caca cikin laifuffuka. Cacar ƙwallo ta takarda, wadda aka fara a Ingila cikin 1923, ta shigo garuruwa, ita ce kuma ta fara raba ɗan caca da ganin fuskar abokin wasansa. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Zuru ta koma Jihar Sakkwato cikin 1976, sa'an nan Kebbi cikin 1991. Cikin 2000 Kebbi ta shiga jerin jihohin Arewa da suka shigar da shari'ar Musulunci cikin dokokin laifi. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar tambola cikin 2005, Kotun Ƙoli kuma ta yanke cikin Nuwamba 2024 cewa wannan sha'ani hurumin jihohi ne, dokar ba ta aiki sai a Abuja.

Faɗuwar darajar naira ta mai da mu kusa da zamanin wuri ta fuska ɗaya, don mafi ƙanƙantar zubin da kamfanonin cacar ƙwallo ke karɓa ta wayar hannu bai kai kuɗin kwanon abinci ba, kusan kowa na iya shiga. Amma sauran sharuɗɗan nan da suka sa cacar wuri ta zama mai jinkirin kisa babu ko ɗaya. Kuɗin ba shi da nauyi, ba shi da ƙara, ba a jiran abokin wasa ya farka. Kamfani ne ke yanke zubin ƙasa da na bisa, ya kuma gina kasonsa cikin farashin kowace caca, saboda haka wasan ba raba daidai ba ne tun daga tushe. Ko da ma a ce raba daidai ne, lissafin ɗazu na nan: mai ɗari a gaban mai ɗari rabonsa rabi ne, a gaban mai ɗari tara ɗaya cikin goma, a gaban mai miliyan kuwa, in ya ce sai ya ga ƙarshen wasa, wajen ɗaya cikin dubu goma.